Farin Ƙyallen Baba Duba-da-Kanka

Kafin rana ta yi zafi ya buɗe garejin. Ya share ƙasa, ya jera sifanu a kan benci daga ƙarami zuwa babba, ya watsa yashi inda mai ya zuba jiya. Sannan ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ya jingina da bango, tulin fararen ƙyallaye a gefensa. Matarsa ke yanka masa su daga tsofaffin zannuwan gado. Haka muka san shi tun gashinsa na baƙi wuluk.

Baba Duba-da-Kanka ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. In ka kawo mota, ba ya tashi. Ƙyalle zai miƙo maka. "Buɗe. Zaro sandar mai. Goge. Mayar. Sake zarowa. To, me ka gani?" In ka ce ba ka iya ba, ya ce, "Tuƙin ma ba da shi aka haife ka ba. Duba da kanka." Masu gaggawa sun sha tafiya cikin fushi. Yawancinsu sun dawo.

Karatunsa ga sabon mai mota ba shi da tsawo. Baƙin mai, a juye shi a kan lokaci. Ruwan lagireto, a duba shi inji na sanyi, in mutum na son fuskarsa. Iskar taya. Birki kuwa, in ya fara kuka ko ya yi laushi, a ajiye komai a zo. Wani ya taɓa kawo sabuwar mota a wanke masa cikin inji da maganin kwalba.

"Me ya same shi?" in ji Baba.

"Ba komai. An ce yana da kyau."

"Kai ma lafiyarka ƙalau. Mu je a yi maka tiyata?"

Ni ba mai yabon mutane ba ne. Abin da idona ya gani nake faɗa.

Ƙanena ya rasu ya bar matarsa, Maman Biyu, da tagwaye da tsohuwar mota. Da motar nan Maman Biyu ta ci gaba da kai ƙwai shaguna, da ita take ciyar da yaran. Ba a daɗe ba mota ta fara tari, hayaƙi na tashi har ba a ganin bayanta. Wani bakanike ya leƙa ya ce injin ya gama aiki. Dangi suka ce a sayar wa masu sayen ƙarfe. In mota ta tafi, sana'a ta tafi, sai ta koma gidan iyayenta, yaran kuma a raba su a tsakanin dangi. Hular mijinta har lokacin tana gaban gilashi, ba ta ɗauke ba.

"Yaya," ta ce mini, "a kai ta wurin Baba tukuna."

Muka kai. Baba ya miƙo mata ƙyalle.

"Baba, ni fa ban san komai a nan ba."

"Sandar ba ta cizo. Zaro."

Ta zaro, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa. Mai ya wuce alamar sama nesa ba kusa ba.

"Wa ke zuba mata mai?"

"Ni ce. Kullum da safe."

"Kullum?"

"Haka Baban Biyu yake yi. Kullum sai ya buɗe gaban motar ya sunkuya. Ina ganinsa ta tagar kicin."

Baba ya san mijin, shi ya koya masa.

"'Yata," ya ce a hankali, "ba zubawa yake ba. Dubawa yake. Bayansa kawai kike gani."

Ta rufe fuska da ƙyallen. Ba mu san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyu ne.

"To, ya isa, kin shafa baƙin mai a hanci," in ji Baba. "Kin ɗura mata har wuya. Ko jariri aka yi wa haka, amai zai yi."

Ya zuƙe abin da ya yi yawa, ya wanke fulogai. Ya sa ta ɗora yatsa a kan alamomin sandar. "Ƙasa da nan yunwa, sama da nan amai. Ki tsaya a tsakani." Kafin mu isa gida hayaƙin ya fara raguwa. Ba a sayar da mota ba. Ba a raba yara ba.

Baba, kai ne ka ƙi riƙe mu da jahilcinmu. Da ka so, da kullum muna ƙofarka, ba mu san hagu ko dama ba. Sai ka sa ilimin a hannunmu ka kore mu. Gwani, ba ka taɓa canza abin da bai lalace ba.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, hannu na rawa, ya ce zai huta. Ranar da zai rufe garejin, Maman Biyu ta zo da motar nan, 'yarta ce ke tuƙi, ta zama cikakkiyar mace. Baba ya laluba gefensa, ƙyallayen sun ƙare. Maman Biyu ta ciro nata daga cikin mota, ya yi baƙi ƙirin, ta miƙa wa 'yar.

"Mama, ke ki duba mana."

"Duba da kanki."

Baba ya yi dariya har da hawaye.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma masu sifana a hannu, in sabon mai mota ya zo muku a tsorace, kada ku ƙara masa tsoro. Ku miƙa masa ƙyalle.