Mai Neman Waɗanda Suka Daina Zuwa

Ƙarfe bakwai na safe Mama Mai Kati ke buɗe ɗakin rajistar masu ciwon daji, can ƙarshen baranda, inda ko fanka sai an lallaɓa ta take juyawa. Ta goge tebur, ta jawo akwatin katunan majinyata, ta ware na waɗanda ranar dawowarsu ta wuce ba su zo ba. Daga nan sai waya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kiran gidajen mutane da tambayar da ba mai son ji.

Ni likita ne, kuma ita ce ta sauke mini girman kai. Na taɓa tattara bayanan mata ɗari huɗu masu sankarar mama, na kwatanta masu shan sabon magani da masu shan tsoho. Kwamfuta ta ce masu sabon sun fi daɗewa a duniya. Kaina ya kumbura, asibiti ya fara shirin mayar da kowa kan sabon.

Ta shigo ofishina da katuna a hannu.

"Likita, mata sittin ɗin nan masu shan sabon magani da suka daina zuwa, ka rubuta 'da rai', wa ya gan su?"

"Ai ba takardar mutuwarsu, Mama."

"Wadda ta rasu a gida, wa zai kawo maka takarda? Sabon nan na wahalar da su, shi ya sa suke guduwa. Ba ni wata biyu."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda lamba ta daina shiga, ta tafi da ƙafa. Nas-nas sun shaida ba ta ɗaukar biro sai ta gama ta'aziyya, ta tambayi yara. Wani magidanci ya zage ta tas. Ta bari ya huce, sannan ta tambaye shi ranar da matarsa ta rasu. Cikin sittin, arba'in da ɗaya sun rasu. Da na sake lissafi, fifikon maganin ya bi iska. Mako guda ban gaishe ta ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan makon.

Mama, ke ce uwar waɗanda aka manta. Ke kika hana mu ƙidaya matattu cikin masu rai, kika tsare ɗaruruwan mata daga wahalar banza. Sunanki bai fito a rahoto ko ɗaya ba.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma an ce kwamfuta za ta gaje ta. Makon jiya ta ajiye mini sabon kati, cike da rubutunta mai kyau. Sunanta ne a sama, ƙasa kuma sunan cutar da ta shafe shekaru tana rubuta wa wasu.

"Ka san ni da tsoron allura," in ji ta. "In na daina zuwa, kada ka rubuta 'da rai' don ka ji sanyi. Ga lambar ƙanwata a baya."

Mun gode, Mama. Ku kuma abokan aikina, kafin ku yarda da kowane sakamako, ku tambayi wa ya daina zuwa, ku ɗauki waya. Katinta na aljihuna. Ranar Talata ya kamata ta dawo.