Itacen tuffar da ya dasa a Erdington

Shekarar da muka samu ɗan lambu a filin kansul, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Erdington da ke Birmingham, maigidana ya dasa itacen tuffa a kusurwa, wai don ni. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya, nan take na hango mu mun tsufa a inuwarsa, yana fere mini tuffa ina yi masa shagwaɓa.

"Amarya," in ji shi, alhali 'yarmu har ta shiga jami'a, "bar mafarkin nan ki miƙo mini bokiti."

Kaka biyu kacal ya ci 'ya'yan itacen, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa aljihun kansul ya bushe. Gyaran shinge, ruwan famfo, kwashe shara, duk suka ce sun yi musu nauyi. Sai suka danƙa filin amana a hannun ƙungiyar 'yan unguwa, ta riƙe wa mazauna wurin har abada, ba sayarwa ba gini. Kansul ta sauke kayanta ta huta, kowa na tafa mata. Ƙungiyar kuma ta kafa dokarta: lambu na mai zama a unguwar ne kaɗai. Lokacin 'yata ta riga ta kwaso ni zuwa wurinta a Whalley Range, can wani gari daban, wai kaɗaici zai kashe ni. Haka lambun ya fita daga hannuna.

Ban damu ba. A garinmu gona tana sauya hannu, amma itace na wanda ya dasa ne da magadansa. Kakata tana da ɗorawa a tsakiyar gonar wani, duk shekara ta aika a kaɗo mata, ba wanda ya taɓa ɗaga mata gira.

"Umma, nan fa ba gida ba ne," in ji 'yata. "Lambun ya tafi, itacen ya bi shi."

"Ke dai yi shiru. Ubanki ne ya dasa."

Da kaka ta yi na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da manyan jakunkuna biyu. Na tarar an sauya kwaɗon ƙofa. Matar da aka ba lambun ce ta buɗe mini, wata matashiya mai fara'a. Itacen ya yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Na gaya mata na mijina ne. Ta dafa ƙirji, ta yi mini ta'aziyya, ta ce lallai ya iya shuka. Sannan ta tsinko guda huɗu, ta zaɓi masu kyau, ta sa a 'yar takarda ta miƙo mini, irin tsarabar da ake sallamar baƙo da ita.

Jakunkunan suna naɗe a hammatata. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode.

Wannan godiyar ce har yau take ci mini rai.