Hannun da Ya Sallami Shanu

Ranar Talata ce, kwana biyu bayan ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai. Mun yi sallar asuba, mun sha kunu. Baba ya koro shanu, ni na saɓa karkiya. Ƙarfe shida da rabi muna gona. Gonarmu tana arewa da ƙauye, ƙauyen kuma yana arewa da Sabon Birni. Lokacin huɗa ne, don haka garma da amalanke can suke kwana a gindin gawo.

Mu biyu muka rage a gida. Inna ta daɗe da rasuwa. Matata da yara tun kafin ruwa ya sauka na kai su garin Isa wurin yayanta, don kowa ya ga inda lamarin 'yan bindiga ya dosa. Baba ya ƙi tashi. Na yi magiya, na yi faɗa, ko a jikinsa. In aka ce mutane suna ƙetarawa Nijar, sai ya ce mi ya ajiye a ƙasar Faranshi. Ya haura saba'in bai taɓa taka iyaka ba, ga ta nan ba ta kai tafiyar wuni ba. Maganarsa kullum ɗaya ce, ranar da zai bar ƙasa da ni zai fita, kuma sai Makka. Ni kuwa in tambaye shi ko da shanun za mu shiga jirgin.

Shanun biyu ne, Daneri fari, Ɓaleri baƙi. Sunan da Bafulatanin da ya sayar mana ya sa musu ke nan, Baba bai sake ba. Shekara bakwai suna hannunsa, kuma ya hore su da wani abin da duk ƙauye ake magana. In an tashi aiki a cire karkiya, a bugi Daneri sau biyu a cinya, a yi fito ɗaya. Shi ke nan an sallame su. Su kama hanya su kaɗai har turkensu, mu kuma mu tsaya mu yi salla mu huta. Da Baba ya fara gajiya, ni na gaji sallamar. Kullum ni nake yi.

Tara da kwata muka ji babura daga kudu. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ƙarar ta haɗu kamar injin niƙa. Baba ya tsayar da shanu a tsakiyar kunya. Harbin farko guda ɗaya ne. Aka yi shiru kaɗan. Daga nan sai aka sake shi ba tsayawa.

Tara da rabi hayaƙi ya tashi ta wajen rumbuna. Mutane suka fara ɓullowa cikin gonaki, mata da goyo, tsofaffi ba takalmi. Gero bai kai gwiwa ba, babu inda mutum zai ɓuya. Na'Allah wanzami, maƙwabcinmu, ya iso yana riƙe da cikinsa da hannu biyu.

"Ku yi arewa!" ya ce. Sai ya durƙushe.

Na kwance sarƙar garma. Muka ɗaura amalanke, muka ɗora Na'Allah. Baba ya dubi garmar, tana tsaye cikin ƙasa inda ta tsaya. Ya hau amalanke.

Goma saura kaɗan babura biyu suka biyo hanyar gonaki ta gabas. Muka gangara wani kwari da ruwa ya zaizaye. Baba ya sauka ya riƙe hancin shanun, ɗaya a kowane hannu, don kada su yi kuka. Daga sama muna ji.

"Ku fito! Ku kwanta!"

Ba da mu ake ba. Harbi uku. Wata mace ta fara kiran suna, ba ta ƙarasa ba. Baburan suka juya. Na duba waya, minti goma sha biyu muka yi a kwarin. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Ƙudan da ke kan rigar Na'Allah kawai nake kallo.

Ƙarfe sha ɗaya muka iso ƙorama. Ruwa ya kai cinya, ƙafar amalanke ta kafe a laka. Ina turawa ta baya, Baba yana ja ta gaba yana yi wa shanun magana a hankali yadda yake yi musu a gona. Suka fitar da mu. Na'Allah ya roƙi ruwa, na jiƙa mishi leɓe. Sha biyu da minti ashirin ya daina nishi. Baba ya shafe mishi ido, ya cire rawaninsa ya rufe mishi fuska. Ba mu tsaya ba.

Biyu saura minti goma muka wuce wani guntun siminti mai lamba a bakin hanya. Wata mata da ke tafe kusa da mu ta ce Nijar ke nan. Baba ya sa na tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Geron can irin namu ne, yashin ma haka.

"Ashe ita ke nan," ya ce. Can kuma ya ce, "To, ga shi mun fita tare."

Muka yi taimama muka yi azahar a bakin hanya, gawa tana kan amalanke. Gaba kaɗan motar sojojin ƙasar tana tsaye, ɗaya yana kaɗa hannu.

"Ku wuce! Ku wuce!"

Ƙarfe uku muka shiga ƙauyen farko. An riga mu, gindin kuka cike da mutanenmu. Matan garin suka kawo ruwa da fura. Baba ya sha ruwa, ya jingina da kukar, ya rufe ido. Wani dattijo mai zanen Gobirawa a fuska irin na Baba ya zo ya ɗaga rawanin ya ga fuskar Na'Allah. Ya ce a ɗauko shi a yi mishi sutura tun da sauran rana.

Shanun tun safe suna cikin karkiya, wuyansu ya yi ja. Na kwance amalanke. Na cire karkiya na jingine ta. Hannuna ya bugi Daneri sau biyu a cinya. Bakina ya yi fito. Na juya na kama ƙafafun gawa.

Wallahi haka aka yi. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya tsorata ni a lokacin. Na ji fiton da kunnena, bai isa kaina ba.

Aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi maƙabarta bayan gari. Ina tura ƙasa da hannu cikin kabari, sai fiton ya dawo mini. Na miƙe. Ban jira addu'a ba.

Biyar saura kwata na iso gindin kuka. Ga amalanke, ga karkiya. Ba shanu, ba Baba. Matar nan da ta nuna mana iyaka ita ta gaya mini. Ta ce tsoho ya farka ya tambayi shanu, aka nuna mishi kudu, sun yi nisa, fari a gaba baƙi yana biye. Ta ce bai yi faɗa ba, bai ma tambayi wanda ya sake su ba. Sandarsa ya ɗauka.

"Ya ce a gaya maka kada ka biyo," in ji ta. "Ya ce ba su san gida ya ƙone ba."

Na bi. Yashi da danshi, sawu a fili yake. Kofato takwas, takalmin roba, da ɗigon sanda a gefen dama. Na yi gudu, na yi tafiya, na sake gudu. Tsoho ne, na ce ai za ni cim mishi. Amma ya ba ni fiye da awa guda, kuma ni ma ƙafafuna ba nawa ba ne ranar.

Shida saura minti goma na hango simintin. Sojojin sun matso da motarsu dab da shi.

"Tsaya! Koma!"

Na ce ubana ne ya wuce. Ɗaya ya ce sun gan shi, sun kira shi, bai waiwayo ba. Ya ce yanzu an ba su umarni ba mai ƙetarawa kudu, don an ga babura a bakin ƙorama. Na nufi hanya, ya riƙe ni ta wuyan riga. Bai buge ni ba. Ya riƙe ni ne kawai har na zauna.

Daga inda nake ina ganin sawun ya wuce simintin ya miƙe. Na zauna ina saurare. Da na ji harbi, da na san abin da za ni gaya wa kaina. Ban ji ba. Kwaɗi ne suka fara kuka da magariba, sai aka mayar da ni cikin gari.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka wasu mutanenmu suka lallaɓa suka koma duba ƙauye. Sun ce turken shanu ya ƙone, ba saniya ko ɗaya a garin. Sun ce garmarmu tana nan tsaye a tsakiyar kunya, ciyawa ta fara rufe ta. A bakin kwarin da muka ɓuya suka tsinci sandar Baba. Ita kaɗai. Sun duba ko'ina, ba gawa, ba sabon kabari. Har yau ban san wace addu'a za ni yi mishi ba, ta mamaci ko ta matafiyi. Duka biyun nake yi.

Na kwaso matata da yara daga Isa, muna nan ƙauyen da ya karɓe mu. Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne. Sau ɗaya dattijon nan mai zane ya ji labarin, ya girgiza kai ya ce sabo turken wawa. Da ya ga fuskata sai ya ba ni haƙuri. Na ce mishi ba komai, gaskiya ya faɗa.

Mun ƙetare mu biyu, da shanu biyu, da gawa ɗaya. Daga simintin zuwa lokacin da na bar shi yana barci gindin kuka, awa biyu ba ta cika ba. Iyakar zamanmu tare a ƙasar waje ke nan. Karkiyar tana bayan ɗaki, sandar tana ciki. Hannun kuma yana nan, da shi nake cin tuwo.