Inna da kyamarar Nura

Jama'a, yau Innata ta ci amanata!

A makarantarmu ta koyon shirya fim aka ce kowa ya ɗauko hoton wani dattijo yana aikinsa. Na roƙi Inna har na gaji, kullum sai ta ce, "Kawar min da abin nan."

Yau Nura ɗan ajinmu ya rako ni garinmu Zinyau. Na leƙa gona gaida Baba. Ina dawowa na tarar Inna ta ɗaura atamfar Sallah, tana daka tana rera waƙa, Nura yana ɗauka! Har da cewa, "Ɗan nan, in sake?"

Na ce, "Inna, ni fa?"

Ta ce, "Kai tsawa kake min, shi kuwa lallaɓa ni yake. Matsa, kana tare mana haske!"