Bokiti Mai Famfo

Har yau in na ga bokiti mai famfo a gindi sai raina ya ɓaci. An daɗe da yin abin, amma ban huce ba, kuma ban ga ranar hucewa ba.

Lokacin muna zaune a birnin Manzon Allah, a wani bene a unguwar Anbariyya, hawa na uku. Malam, maigidana, yana karatun fiƙihu a jami'a, ni kuwa ina yin sobiya, abin shan nan na mutanen Hijaz da ake jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a tace, a sa sukari da kayan ƙamshi. Wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da ke hawa na biyu, muna ce mata Hajja, ita ta koya mini. Ƙa'idarta ɗaya ce: kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda ya wuce haka a zubar. Duk benen an san hannuna. Ba ni da uwa a garin nan, ba ni da dangi. Abin da nake da shi kawai shi ne in na miƙa kofi ana sha ba a tambaya.

Sai ga Malam wata Asabar ya dawo daga haraj, kasuwar tsofaffin kaya, rungume da kwali yana ta murmushi. A ciki akwai bokitin roba mai famfo, da murfi mai wani ɗan bututu a ka, da ledar garin sha'ir, da 'yar fakitin yis. Takardar bayanin da wani yaren Turai take, ni ban iya ba, shi bai iya ba. Amma a jikin kwalin akwai hoton kofi mai kumfa, shi ke nan Malam ya yanke hukunci cewa irin ruwan sha'ir ɗin nan ne marar sa maye da ake sayarwa a kowace baƙala, wato kantin unguwa. Wai kayan 'yan koyo ne, ko yaro zai iya. Wai da shi zan daina wahalar tata da ƙyalle.

Na ce masa duk abin da aka sa wa yis aka rufe, ba na yarda da shi. Ya ce ai hikimar murfin ke nan, iska ba ta shiga, ta ina zai lalace? Mutumin da ko shayi ya dafa sai ya ƙone tukunya, yau shi ke koya mini jiƙo. Da hannunsa ya haɗa, ya ƙara sukari har kofi huɗu don ya yi daɗi, ya tura bokitin bayan ƙofar kicin.

Washegari muka tafi umara. Sai da muka ɗaura niyya a miƙatin Bi'ir Ali, bas ta hau titi, sannan na tuna. Na matsa kusa na ce masa mun bar bokitin nan, kuma mun kashe na'urar sanyi. Ya ɗaga mini hannu, ya ce muna cikin harami, ba a jayayya. To, na haɗiye. Kwana biyu muka shirya yi, wani abokinsa a Makka ya riƙe mu har biyar.

Bayan la'asar muka dawo. Tun daga matakala warin ya tare ni. Na tashi a kusa da Sabon Gari, ba sai an gaya mini warin burukutu ba. A ƙofarmu muka tarar da haris, maigadin benen, wani mutumin Chadi, ga Hajja, ga mata biyu na hawanmu sun toshe hanci da mayafi. Haris ya ce kwana biyu ke nan ana damunsa, mai benen ma ya bugo waya. Bai ambaci 'yan sanda ba, amma kowa ya san inda maganar za ta kai: jami'a ta kori Malam, a soke iƙama, takardarmu ta zama a ƙasar, mu tattara.

Aka buɗe ƙofa. Kumfa ta ɓallo ta bututun ta malale kan tayil, bokitin yana ta ɓulɓul kamar tukunyar talge. Malam ya dubi bokitin, ya dubi haris, ya gyara murya.

"Ni ban san harkar kicin ba. Sobiyar uwargida ce ta manta."

Bai rantse ba. Na lura da wannan, ya san hukuncin rantsuwa sarai. Rigar da ya sa bayan ya cire harami ko datti ba ta yi ba, askin umara yana ƙyalli a kansa. Wallahi na ji kamar in ɗauki bokitin in juye masa. Amma shekara huɗu yana karatu, saura ɗaya, kuma mantuwar mace ana yafewa, ta ɗalibin fiƙihu kuwa ba mai yarda mantuwa ce. Na sunkuyar da kai na ɗauki laifin.

Haris ya yi 'yar dariya, ya ce a zubar, magana ta mutu. Hajja ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona.

"Ba haka na koya miki ba, 'yata."

Ni na tuttular da shi a banɗaki, ni na goge tayil har sau uku. Malam ya naɗe bokitin a baƙar leda ya kai bola. Da ya dawo ya ce Allah zai ba ni lada, na rufa wa ilimi asiri. Na ce masa kada ya ƙara sa sunan ilimi a wannan maganar. Mako guda ban zauna kusa da shi cin abinci ba.

Azumi ya zo. Matan benen da suka saba aiko da jarka in zuba musu sobiya, ba wadda ta aiko, ko ɗaya. Na ce bari ni in fara. Na yi sobiya ta kwana ɗaya cif, na tace sau biyu, na sanyaya, na sauka da ita hawa na biyu da kaina. 'Yar Hajja ce ta buɗe, haifaffiyar nan, na gaishe ta da Hausa ta amsa da Larabci, ta karɓa ta yi godiya.

Kafin a kira magariba aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, ba kowa, sai jarkata a bakin ƙofa, cike, ko murfin ba a taɓa ba.

Da aka sha ruwa Malam ya tsiyaya kofi biyu ya shanye. Ya ce bai taɓa jin ta yi daɗi irin na yau ba.