Wuƙar da Souley Ya Bari a Gida

Allah ya jiƙan Souley, ya sa ya huta. Yau kwana arba'in da muka kai shi makwancinsa, amma har yanzu in na biyo ta unguwar Port Richmond da mota sai na rage gudu a gaban shagon naman da ya yi aiki, kamar zan hango shi ta gilashi da farar rigarsa.

Mahauci ne ɗan mahauci. A Madawa ta ƙasar Nijar aka haife shi, a gidan masu kilishi. Ni daga Katsina na zo, na riga shi shigowa New York da shekara biyu. A masallaci muka haɗu wata Juma'a, takalminsa ya ɓace cikin tarin takalma, ga sanyi, na kai shi gida a tasi ɗina yana sanye da silifas ɗin alwala. Daga ranar muka yi shekara ashirin da shida tare. Bai taɓa kirana Ishiyaku ba, sai dai Direba. Ni kuma Sarkin Fawa nake ce masa, ko da yake ko mutum ɗaya ba ya ƙarƙashinsa.

A shago da wuƙaƙen shago yake aiki, masu ƙotar roba, don su masu duba tsafta suke son gani. Raina su yake yi. Nasa na gaskiya suna gida, guda biyar, naɗe cikin jar fatar akuya. Na babansa ne, maƙeran garinsu suka ƙera su, a ƙasan akwati ya shigo da su. Sau biyu ko uku suke fitowa a shekara: ranar layya, in mun tafi gonar da muke yanka a New Jersey, da ranar da ya ga damar yi mana kilishi. In yana shanya nama da siririyar cikinsu, har hasken taga kake gani ta cikin naman.

Bara zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likita ya hana shi tsayuwar yini. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka ya koma unguwar Tompkinsville wurin 'yarsa Rufaida, wadda nas ce a asibiti. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Yarinya ce mai kirki, ita ke aunar maganinsa, ita ke hana shi gishiri. Abu ɗaya ta kafe a kai: tana da yara biyu ƙanana masu buɗe kowace durowa, wuƙaƙen nan ba za su zauna mata a gida ba.

"Kawu, ka yi masa magana," ta ce da ni. "Ko ya bayar, ko ya kai wani wuri."

Shi kuma da muka fito ya ce, "Direba, in na mutu ɗiyar nan bola za ta kai su. Ba mugunta ba. Ba ta san ko mi ne ne ba."

"To ka gaya mata mana."

"Da wane baki? In na fara sai ta ce lokacin magani ya yi."

Wannan shi ne abin da ya dame shi a shekararsa ta ƙarshe. Ba mutuwar ba. Inda wuƙaƙen babansa za su kwana bayansa.

Kwaku ne ya kawo maganar ƙungiyar. Mutumin Gana ne, direban bas, tsohon mai sayen nama wurin Souley. Kusa da Zangon Kumasi ya tashi, don haka yana jin Hausa irin tasu. Ya ce akwai wasu mutane da ke haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a wani ɗakin taro can kudancin tsibirin da muke zaune, ba abin da suke yi sai tara wuƙaƙe. Shi ma yana ciki.

"Mahauta ne?" in ji Souley.

"A'a, maigida. Akwai kafinta, akwai malamin makaranta, akwai likitan haƙori."

"To mi suke yankawa?"

"Ba su yanka komai. Kallo suke yi."

Souley ya juyo ya dube ni. "Ka ji, Direba. Kamar kai ka sayi mota ka zauna kana kallonta."

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Sati biyu yana juya ta a motata, duk sanda na kai shi asibiti. Kwaku ya ce mutanen sun san yadda ake hana tsatsa, sun san dokar garin nan kan yawo da wuƙa, wadda Souley ya daɗe yana tsoro duk ranar layya. Ya ce suna rubuta tarihin kowace wuƙa a kati, da sunan mai ita da garin da aka ƙera ta, kuma in mutum ya mutu suna taimaka wa iyalinsa su sami wanda zai riƙe ta da mutunci. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalinsa. Abin da ke mayar da shi baya kuwa shi ne akwatin gilashin da ake rufe wuƙaƙen a ciki. Ya ce wuƙar da ba ta taɓa nama ba gawa ce aka yi wa ado.

Daga ƙarshe ya ce zai je ya gani da idonsa.

A nan ya yi abin da duk ɗan gidan fawa zai yi. A wurinsu abin kunya ne ka nuna wa mutane wuƙa da datti ko dakushe. Don haka ya zauna kwana uku a bayan gidan Rufaida da samfefa da dutsen washi. Ya kankare baƙin da shekaru suka ɗora wa ƙarfen har ya koma fari fat. Ya cire tsofaffin ƙotoci da suka tsage, ya fafe sababbi da icen da na sayo masa, ya shafe su da mai. Ni ma na taya shi riƙewa, ina ta yaba masa. Huɗu ya gama, numfashinsa ya ƙi. Ta biyar, wadda ta fi duka muni, gajera mai ƙota baƙa ƙirin da ta lotsa gefe guda, ya ce a bar ta a gida kada ta ba shi kunya. Dama ba ya aiki da ita. Ya ce ba ta taɓa zama masa daidai a hannu ba.

Ranar Asabar da rana muka je. Mutum kamar ashirin, tebura a jere, wuƙaƙe kwance kan ƙyalle kamar jarirai. Wasu har da safar hannu. Shugabansu wani dattijon Bature ne, tsohon kafinta, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Souley ya warware fatarsa a hankali, wuƙaƙen nan huɗu suka ɗau ido. Ya gyara tsayuwa.

Dattijon ya ɗauki ɗaya, ya juya ta. Sannan ya tambaya yaushe aka yi wannan gyaran.

"Shekaranjiya na gama," Souley ya ce da alfahari.

Sai na ga Kwaku ya dafe kai. Dattijon ya tambayi inda tsofaffin ƙotocin suke. Motar shara ta kwashe su tun Alhamis. Bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba. Ya ce wasawar ta gwani ce, bai taɓa ganin kaifi irin wannan ba. Amma ya ce abin da suke nema a tsohuwar wuƙa shi ne abin da hannu ya bari a jikinta, baƙin da lotsawar da tsagewar. Ya ce da waɗannan ake sanin wanda ya riƙe ta.

Duk da haka sun karrama shi. Suka kewaye shi suna tambaya, yaya ake yanka kilishi, me ya sa wannan ta sirance haka. Ya ce shekara sittin ana wasa ta, dole ta rame. Wani ya miƙo takarda ya ce ya gwada kaifin, Souley ya ce shi ba ya yanka takarda, a kawo nama. Aka yi ta dariya. Da za mu tafi suka ba shi fom, suka ce in yana so ya shiga ya cike, ya rubuta abin da ya sani game da kowace wuƙa.

Muna cikin mota, mun kusa gida, sai ya juyo wurina.

"Direba, hannun babana na kankare."

"Ba ka sani ba ne, Sarkin Fawa."

"Kai ma ka riƙe mini."

"Na riƙe."

Sannan ya ce, "Amma ka ga yadda suka saurare ni? Shekara ashirin da shida ina yanka nama a garin nan, ba wanda ya taɓa tambayata ko mi ya sa." Can kuma ya ce, "Sai dai mahaukata ne. Takarda!"

Haka ya kwashe wata guda, yau ya ce zai shiga, gobe ya ce Allah ya sauwaƙe. Ni dai na ce masa ya kai ta biyar ɗin su gani, tunda ita ba a taɓa ta ba.

Asabar ɗin taro na gaba jikinsa ya yi nauyi, Rufaida ta ce ba zai fita ba sai da ita. Ta zauna a bayan mota da jakar magani a cinya, tana ta duba agogo. A ɗakin taron ma bakin ƙofa ta tsaya.

Souley ya ajiye gajerar wuƙar yana ba da haƙuri kan dattinta. Dattijon ya sauya tabarau. Ya riƙe ta da dama, ya girgiza kai, ya mayar da ita hagu, sai ta zauna. Ya nuna inda babban yatsa ya ci icen, ya nuna gefen da washi ya fi cinye ƙarfen. Ya ce mai wannan wuƙar bahago ne.

Souley ya nemi kujera ya zauna.

Gaskiya ne, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har ni. Ya ce babansa da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, da dama yake yanka dabba a gaban mutane, don tun yana yaro aka horar da shi haka. Amma in ya shiga rumfar bayan gida shi kaɗai yana gyaran nama, sai ya ɗauko wannan gajerar ya koma hagu. Souley ya sha leƙensa. Ba a maganar a gidan.

Ban san sanda Rufaida ta baro ƙofa ba. Ita ma bahaguwa ce. Na tuna tana ƙarama Souley yana bugun bayan hannunta in ta ɗauki cokali da hagu, har ta daina cin abinci a gabansa. Dattijon bai san wannan ba, ya dai ga ta matso sai ya miƙa mata ƙotar. Ta karɓa da hagu ba tare da tunani ba. Yatsanta ya faɗa cikin lotsawar kamar don ita aka fafe.

Ta dubi ubanta, ta ce da Hausa, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Fom ɗin nan ita ta cike masa, don rubutun Turancinsa bai kai ba. Wurin da aka bari layi huɗu ne ga kowace wuƙa. Suka ƙare da shafi goma sha ɗaya. Kullum bayan la'asar yana faɗa tana rubutawa: sunan maƙerin, sunan kakanta, yadda ake jiƙa nama cikin ƙuli da yaji, shekarar farin da suka sayar da komai ban da fatar nan. Wani lokaci ina zaune. In ta ce lokacin magani ya yi, sai ya ce ta bari ya ƙarasa, ita kuma sai ta bari.

Bai sa hannu a fom ɗin ba. Na tambaye shi sati ɗaya kafin ya rasu, ya ce har yanzu yana tunani.

"Mutanen kirki ne, Direba. Sun san wuƙa. Nama ne ba su sani ba."

"To ka shiga ka koya musu."

"Kai dai kana son ka riƙa yawon Asabar."

Ranar wata Talata da hantsi ya cika, a kujerarsa, bayan ya sha shayi. Kwaku ya zo jana'iza, dattijon ma ya zo, ya tsaya can baya da hularsa a hannu har aka gama.

Huɗun da ya kankare ya bar wasiyya a kai wa abokan aikinsa na shago, su riƙa fita da su ranar layya. Ya ce tunda ya riga ya mayar da su sababbi, su je su sake tsufa a hannun wasu. Ni na kai su. Ta biyar bai ce komai a kanta ba.

Bayan addu'ar bakwai na tambayi Rufaida ko in kira Kwaku ya zo ya ɗauka, tunda mutanen za su riƙe ta da kyau, ga kuma yara a gida. Ta ce in biyo ta. A saman kabad ɗin ɗakinta ta sa wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ta buɗe. Wuƙar na ciki cikin jar fatarta, shafukan nan goma sha ɗaya a ƙarƙashi.

"Kawu, tsatsa ta fara fitowa a nan gefen. In goge?"

Na ce kada ta taɓa, sai mun tambayi dattijon.

Ta rufe akwatin, ta sa makullin a aljihu. Ta ce Asabar mai zuwa ba ta da aiki, in zo in ɗauke ta da ƙarfe ɗaya mu je taron.