Igiya ta Shida a Hannun Fergus

Ranar da Towera Mhango ta fara sanin Fergus Petrie, ƙanƙara ce ta kwana a garin Dundee na ƙasar Scotland har matakalar ƙofar gidansu ta koma kamar gilashi. Ta taso daga aiki a gidan kula da tsofaffi, ledar burodi a hannu, ta tsaya a ƙasa tana neman inda za ta sa ƙafa. Sai ga wani dogon Bature da tsani a kafaɗa. Ya jingine tsanin, ya shiga shagon da ke kan kwanar layin, ya fito da ƙullin gishiri, ya barbaɗa wa matakalar hawa-hawa. Ya taka ya gwada da kansa, sannan ya miƙo mata hannu ta dafa. Suna kaiwa sama, ta buɗe baki za ta yi godiya ke nan, kansa ya fizge gefe guda, ya kwatsa mata kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita. Da ƙarfi kuwa, har tantabaru suka tashi daga rufi.

Hannunta na kan nasa har lokacin. Fuskarsa ta yi ja wur.

"Baiwar Allah, ki yafe ni. Ciwo ne. Na rantse miki ba da nufi ba ne."

"Ba komai," in ji ta.

Ta shiga gida ta zauna a kicin da rigar sanyinta a jiki. Burodin nan ba ta ci shi ba sai washegari.

A unguwar Lochee ta nan Dundee aka haifi Fergus, uwarsa na aiki a masaƙa. Yana ɗan firamare abin ya soma, da ƙifta ido, sai kaɗa kai, sai wani haushi kamar na kwikwiyo. Malamai suka ɗauka iskanci ne, ya sha bulalar fata a tafin hannu har ya daina kuka. Da ya fara zama saurayi sai kalmomi suka biyo baya. Ya kusa shekara talatin kafin wani likita ya gaya masa ciwon yana da suna, Tourette, kuma a ƙwaƙwalwa yake. Likitan ya ce yawancin masu shi ba sa zagin kowa, nasu ƙifce-ƙifce ne da kaɗa jiki. Shi dai nasa rabon ya zo da zagi.

Abin da Towera ta lura da shi daga baya, bakin Fergus ba ya zaɓen abin da ke ransa, sai abin da ya fi tsoron faɗa. Idan ya shiga banki sai ya yi ihu, "Fashi!" Idan ya ga ɗan sanda sai ya ce yana da bindiga. Ya taɓa gaya wa amarya a ƙofar coci cewa angon zai gudu. Gaban baƙin mutum kuwa, ita wannan kalma ce, domin ita ya fi ƙi. Shi ya sa ya zaɓi wankin tagogi. A saman tsani babu kowa kusa, na cikin ɗaki kuma sai dai su ga bakinsa na motsi ta bayan gilashi, su ɗaga masa hannu. Bai yi aure ba. Yana da wata tsohuwar karya mai suna Tofi, wadda duk abin da ya faɗa sai dai ta kaɗa masa jela.

Mijin Towera, Lackson, direban bas ne. Tun daga Malawi mai son raha ne, bai canza ba. Wasu direbobi in suka hango Fergus a tasha sai su wuce kamar ba su gan shi ba, shi kuwa Lackson tsayawa yake yi.

"Shigo, sarkin baki! Yau kai ka fara tashi ko bakin naka?"

"Shi ne, Lackson. Tun da asuba yake aiki."

"To zauna nan bayana. Jama'a, ba da ku yake ba, da ni yake, kuma ni na biya kuɗin zagin wata guda."

Daga nan suka zama abokan kamun kifi. Kowace Asabar suna bakin kogin Tay da fulas ɗin shayi, su dawo da sanyi a ƙashi, kifi kuwa sai an yi sa'a. Mutanen coci suna cewa ai Lackson dutse ne, abin ba ya taɓa shi. Towera ce kawai ta san ba haka ba ne. Akwai ranakun da zai dawo ya zauna a bakin gado, ya kwance igiyar takalmi ɗaya, ya daɗe yana kallon ɗayan. In ta tambaya sai ya ce, "Yau a cikin bas ya faɗa, mota cike. Shi ban damu da shi ba. Wasu samari ne a baya suka yi dariya, kamar an sosa musu inda ke ƙaiƙayi."

Wanda abin ya fi ci shi ne ɗansu, Wanangwa. Yana sakandare yaran ajinsu suka gano dabara. Sai su zo bayansa su kaɗa kai irin na Fergus, su faɗi kalmar, in malami ya juyo su ce, "Malam, ciwo ne, ba mu iya riƙewa." Aji ya bushe da dariya. Wata rana yaron ya fasa wa ɗaya baki, shi aka kora gida na mako guda. Tun daga nan in Fergus ya shigo ta ƙofar gaba, Wanangwa ya fita ta baya. Ya girma, ya tafi Glasgow, ya zama ma'aikacin jinya, ya san ciwon a littafi fiye da iyayensa. Sanin bai rage masa komai ba.

"Na san ba laifinsa ba ne, Mama," yakan ce. "Tubalin da ya faɗo daga rufi ma ba laifinsa ba ne. Amma kaina ne ya fashe."

Lackson ya kwanta ciwon huhu a farkon bazara. Yana asibiti, da sauran muryarsa, ya zauna da matarsa suka raba igiyoyi. Igiya takwas ake ɗaura wa akwatin gawa, kowace da tuntu a bakinta, a ba makusanta su riƙe lokacin saukar da shi kabari. Wanda aka ba igiya, an ce shi na gida ne. Ta fari, ta wajen kai, ta Wanangwa ce. Ta biyu ta ƙanin Towera. Da suka zo kan ta shida Lackson ya ce, "Fergus."

"Baban Wanangwa, a bakin kabari fa?"

"A bakin kabari. Shi ya riƙe mini sandar kifi duk shekarun nan, ba zai kasa riƙe zare ba."

Bayan rasuwar, gidan ya cika da matan coci da 'yan Malawi na Edinburgh da Aberdeen, tukwanen nsima, tuwon masarar Malawi, da wake a kan kowane murhu. Yayar Lackson, Gwaggo Esnati, ta zo tun daga garin Mzuzu na Malawi, karonta na farko a jirgin sama. Mai shirya jana'iza ya kawo katuna takwas masu lamba. Wanangwa ya ga sunan da ke kan na shida, ya ja uwarsa kicin ya tura ƙofa.

"Mama, ba zai yiwu ba."

"Ubanka ne ya ce."

"Baba ba zai ji ba. Mu za mu ji. Gwaggo ta ƙetaro duniya don ta binne ƙaninta, a zage ta a kan kabarinsa? Ranar nan ɗaya, Mama. Rana ɗaya tak nake roƙo kada in ji kalmar nan."

Towera ta san gaskiyarsa ce. Shi ma Fergus da ta kai masa katin sai ya ɓoye hannuwansa a aljihu.

"Misis Mhango, ki ba wani. Zan tsaya can bakin ƙofar maƙabarta da Tofi. Daga can ma ina gani."

Ta ajiye katin a kan bokitinsa ta juya.

Ta yi addu'a a kai, ta kuma yi tunani. Shekara da shekaru tana jin sa ta taga yana wankin gilashi, ta san in yana waƙa ko fito bakinsa lafiya lau yake. Shiru ne maƙiyinsa, musamman shirun da aka ce dole a yi. Sai ta tara matan ƙungiyar waƙa ta ce musu, daga fitowar akwati daga mota har a zuba ƙasa kada su tsaya, in wata waƙa ta ƙare su ɗora wata. Ta roƙi fasto ya yi addu'arsa a cikin coci, kada ya ce a yi tsit a bakin kabari. Ya yarda. Ta gaya wa Gwaggo Esnati labarin ciwon da harshensu, tsohuwar ta ce to, amma da gani ba ta ɗauka akwai irin wannan ciwo a duniya ba. Mutum ɗaya ne Towera ba ta tuna ta yi wa magana ba, mai shirya jana'izar.

Ranar binnewa an yi yayyafi. Fergus ya zo da baƙar kwat wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, yana waƙar Tumbuka, yaren su Towera, wadda bai san ma'anarta ba, yana bin bakin matan. Komai na tafiya daidai. Aka ɗora akwatin a kan katakai bisa ramin. Sai mai shirya jana'izar, dattijo mai ladabi wanda ya binne rabin garin, ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, don a yi shiru ya kira lambobi. Matan suka dubi juna, suka yi shiru.

"Igiya ta ɗaya."

Wanangwa ya fito ya karɓa. Ta biyu, ta uku. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a kan lema. Towera tana kallon Fergus. Ya cusa gefen hularsa a baki ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, kafaɗarsa na rawa.

"Igiya ta shida."

Dole ya cire hular don ya miƙa hannu. Yana kama igiyar, kalmar ta fita. Sau biyu, a kan akwatin Lackson, a gaban baƙaƙen fuskoki sun fi sittin.

Wata mata ta ce, "Yesu!" Gwaggo Esnati ba ta jin Turanci sosai, amma wannan kalma ta san ta tun tana yarinya, zamanin da Turawa ke mulkin ƙasarsu. Ta dafe ƙirji ta ja baya, ta rufe fuska da zane. Fergus ya tsaya hawaye na bin hancinsa, ya miƙa wa dattijon igiyar, ƙafarsa ɗaya ta riga ta juya wajen ƙofa.

Wanangwa ne ya yi magana, daga wajen kai, ba tare da ya dube shi ba.

"Riƙe igiyarka, Fergus. In ka saki, Baba zai karkace."

Towera ta halarci jana'iza da yawa a garin nan. Ta san nauyin akwati ba a kan igiyoyin nan yake ba, yana kan manyan madauran da ma'aikatan maƙabarta ke riƙe da su a gefe. Ko duka takwas aka saki, Lackson ba zai karkace ba. Ta san ɗanta ma ya sani.

Ita ta ɗaga waƙar da kanta, da muryarta da ba ta da daɗi, matan suka karɓa. Aka kira ta bakwai da ta takwas a cikin waƙa. Akwatin ya sauka a hankali, kowa ya saki tuntunsa ya faɗa a kan murfi, na Fergus tare da sauran.

A wajen shan shayi bayan nan, Wanangwa bai yi wa Fergus magana ba, har yau ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Gwaggo Esnati ba ta taɓa abincin ba. Ta koma Mzuzu, kuma abin da ta fi ba da labari a can, in ji dangi, ba ciwon ƙaninta ba ne, abin da ta ji a bakin kabarinsa ne. Wasu a coci sun ce Towera ta yi daidai, wasu sun ce ta fifita Bature a kan jininta. Ba ta yi musu da kowa ba.

Fergus ya ajiye tsani yanzu, gwiwa ta hana shi hawa. Tofi ta mutu, ya samo wata. In ƙanƙara ta kwana, Towera takan tarar da gishiri a matakalarta tun kafin ta fito.

Bayan jana'izar da 'yan kwanaki ya zo wanke mata tagogi, ba ta kira shi ba. Da ya gama ta miƙa masa shayi a bakin ƙofa. Ya fara ba ta haƙuri, ta tare shi da abin da ta saba faɗa tun ranar farko.

"Ba komai, Fergus."

Ya juya kofin a hannunsa.

"Misis Mhango, abu ɗaya zan roƙe ki. Ki daina ce mini ba komai. Ina ganin fuskarki duk lokacin da ta fita, na san da komai. In kin ce ba komai, sai in tafi gida ni kaɗai da abin, ke ma ki shiga ɗaki ke kaɗai da shi. Ranar da ta yi miki zafi, ki ce mini, Fergus, yau ta yi zafi. Ba zan iya hana bakina ba. Amma ki bar ni in tsaya in ji."